Yadda Mama Ta Daina Kallon Fuskokinmu

Cikina yana wata bakwai lokacin da abin ya fara. Ranar Asabar ce, ba a zuwa makarantar da nake koyarwa, sai na hau keke napep daga Bolori zuwa Old Maiduguri don in wuni wurin Mama kamar yadda na saba. Ni ce autarta, kuma cikin fari ne, shi ya sa duk mako sai ta gan ni, ta latsa ƙafafuna ta ga ko sun kumbura, ta tambayi abin da nake ci. Na same ta a gindin darbejiyar tsakar gida, ta baje itacen turare a faranti tana tsincewa. Sana'arta ke nan tun kafin a haife ni, turaren wuta da humra, mata na zuwa saye har daga Hausari, musamman masu shirin biki. Na yi sallama, ta amsa ba tare da ta ɗago ba. Ta ce tun jiya kanta ke sarawa ta ƙeya, da safe kuma jiri ya ɗebe ta a bakin randa har sai da ta dafa bango. Sannan ta ɗago ta dube ni.

Farantin ya kife a ƙasa. Ta miƙe da wani sauri da ban san tana da shi ba, ta kama fuskata da hannu biyu, tana tura kuncina na hagu sama da tafin hannunta kamar mai son mayar da abu mazauninsa. Hausarta ta gudu, sai Kanuri take yi, abin da ba ta cika yi da ni ba sai in ranta ya tashi.

"Auta, bakinki ya karkace. Ɗaga hannunki in gani."

Na ɗaga duka biyun. Na ce mata lafiyata ƙalau, na yi murmushi don ta gani, sai ta rufe bakinta da hannu ta fara salati. Na san abin da take tunawa. Shekaru tara kafin ranar, babanmu yana cin abincin rana a gabanta, ɓarin fuskarsa ya zube, cokali ya faɗi daga hannunsa. Ita kaɗai ce a gidan. Kwana huɗu ya yi a asibiti ya rasu. Yanzu ga autarta da tsohon ciki, tana ganin irin wannan fuskar a kanta.

Ta ja lafayarta ta yafa, ta riƙe wuyan hannuna ta ja ni waje, ina cewa ta tsaya tana cewa in rufe baki in ajiye ƙarfina. A bakin titi ta tsayar da keke. Mai keken ya juyo ya tambaye ta ina za mu, sai na ji hannunta ya saki nawa. Ta dube shi, ta dubi wata mai tuyar ƙosai a tsallaken titi, ta dubi wani dattijo da ke wucewa ya gaishe ta. Daga baya ta ba mai keken haƙuri, ta ce mu koma ciki. Tana shiga ɗaki ta ɗauki madubi, ta kalla sau ɗaya, ta kife shi a kan gado, ta zauna a bakin gadon tana shafa kuncinta. Hannunta yana gaya mata fuskar daidai take, idonta yana gaya mata wani abu dabam.

Abin da take gani ban tattara shi a rana ɗaya ba, kaɗan-kaɗan ta riƙa faɗa mini cikin makonni. Ɓarin hagu na fuskar kowane mutum yana zubowa ƙasa. Idon wannan ɓarin yana saukowa har kusan tsakiyar kunci, gefen baki yana reto, fatar tana kama da kitsen da ya fara narkewa a tukunya. In mutum yana magana abin yana motsi, in ya yi dariya ya fi muni. Ɗaya ɓarin kuwa lafiya lau. Kuma tana gane kowa, ba ta taɓa ɗaukar wani a matsayin wani ba. Awakinta biyu daidai suke, kyanwar maƙwabta daidai, kofi, ƙofa, hannun mutum da ƙafarsa, duk babu abin da ya same su. Fuskar ɗan Adam ce kaɗai. Har hoto bai tsira ba. Akwai hoton babanmu a bangon ɗakinta, wanda ya ɗauka da babbar riga tun yana da ƙarfinsa, shekaru kafin ciwon. Washegarin ranar da abin ya fara na tarar ta sauke shi ta sa a ƙasan akwati. Ban tambaye ta dalili ba.

Yayana, babban ɗanta, kafinta ne a Hausari. Da ya ji labari ya zo da yamma, ya saurara, ya ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, tunda ga ta tana tafiya, tana ci da hannunta, maganarta ba ta sarƙe ba. Ni ma ban yi masa musu ba, don ban san wani abu da ya fi nasa ba. Ya kawo malami, wani dattijo mai sanyin murya, ya yi kwana bakwai yana zuwa yana karatu a kanta, ana ba ta rubutu tana sha. Mama tana zaune kanta a sunkuye. A rana ta bakwai malamin ya ce ta ɗago ta dube shi. Ta ɗago, ta mayar da kanta ƙasa, ta ce yana nan yadda yake. Malamin ya ce a ci gaba da addu'a, amma shi a ganinsa a kai ta likita ya duba.

Wurin masu duba ido muka fara zuwa. Aka sa ta nuna inda alamomin allo suka fuskanta, ta nuna har na layin ƙasa. Aka haska cikin idon, aka ce lafiyarsa lau, tabarau na karatu kawai take bukata. Muka saya, ta sa, ta dube ni, ta cire. Ta ce yanzu ma ta fi ganin abin sosai. A wurin ne wata nas ta auna jininta, ta sake aunawa, ta tambaya ko tana shan maganin hawan jini. Mama ta ce an taɓa ba ta, ta sha ya ƙare, da ta ji sauƙi ba ta koma ba. Nas ɗin ce ta ce mu wuce babban asibiti kada mu tsaya ko'ina.

Sai da aka yi kusan wata guda da fara abin kafin aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta. Likitar da ta karɓe mu mace ce, 'yar kudancin Borno, ba ta jin Kanuri, Mama kuma in magana ta yi nauyi Hausarta ba ta isarta, don haka ni na zama tafinta a tsakaninsu. Likitar ta sa Mama ta kalli fuskarta, ta kalli agogon bango, ta kalli hoton wani jariri da ke jikin kalanda, tana tambaya tana rubutawa. Ba ta nuna mamaki ba, wannan kaɗai ya sa na ji kafaɗuna sun ɗan sauka. Sannan ta nuna mana wani ɗan tabo a hoton, can ciki wajen bayan kai, bai fi ƙwayar wake ba. Ta ce wata ƙaramar jijiyar jini ce ta toshe, wurin ya rasa jini ya lalace, kuma ta nan ne saƙon da ido ya kawo yake bi kafin ƙwaƙwalwa ta haɗa fuskar mutum ta zama ɗaya. Ta ce ciwo ɗaya ne da wanda ke shanye ɓarin jiki.

Yaya, da ya rako mu, ya ce ai wannan ciwon mun san shi, shi ya ɗauki mahaifinmu, hannu da ƙafa yake kashewa. Likitar ta ce ya danganta da inda ya faɗa. Ta ce irin na Mama ba a cika samunsa ba, ita kanta a karatu ta fi saninsa. Za ta rubuta maganin da zai sauko da jini ya tsare ta daga wani, amma wanda zai gyara fuskoki babu shi. Ga wasu yakan tafi da kansa cikin makonni ko watanni, ga wasu yakan zauna, ba za ta iya cewa Mama tana cikin waɗanne ba. Na juya wannan duka zuwa Kanuri, ina jin kowace kalma tana fita daga bakina kamar ni ce na yanke hukuncin. Mama tana kallon takalman likitar. Da na gama sai ta yi magana da Hausa, da kanta.

"Likita, ba hauka ba ne ko?"

"Ba hauka ba ne, Mama. Hankalinki ƙalau yake."

Ta gyaɗa kai, ta ce to alhamdu lillahi. A keke muna komawa ta ce kada wanda ya gaya wa mutanen unguwa. Ta ce ko an ce musu jijiya ce, aljanu za su ji, kuma babu matar da za ta turara ɗakin 'yarta da turaren gidan da ake cewa akwai aljanu.

Ɓoyewar ba ta hana cinikin lalacewa ba. Mama ba ta taɓa sayar da turare da baki ba. Takan ɗora ɗan kaɗan a garwashi, ta miƙa kaskon, ta zuba wa mai saye ido. Daga yadda hancin mace ya buɗe ko girarta ta motsa take gane ko haɗin ya shige ta, ko a ƙara sandal, ko a rage kajiji, tun kafin matar ta yi magana. Yanzu tana miƙa kasko tana kallon ƙasa. Matan suna shaƙa, suna jiran ta ce wani abu kamar yadda ta saba, ita kuma tana jiran su. Wata ta tambaye ni a zaure ko wani laifi ta yi wa Mama. Na ce ciwon kai ne ke damunta.

Wadda abin ya fi yi wa zafi ita ce aminiyarta, wadda suka zo unguwar suna amare a shekara ɗaya, kullum bayan la'asar suna tare a tabarma ɗaya. Ta zo sau uku, Mama tana amsa mata hira tana kallon yatsun ƙafarta. A zuwa na uku ta tashi da wuri, a bakin ƙofa ta ce mini in tsufa ya sa an fara ƙyamar juna, gara kowa ya zauna a ɗakinsa. Na bi ta har gida na saɓa wa umarnin Mama, na gaya mata gaskiya. Ta yi kuka sosai. Washegari ta dawo da ƙullin magani daga wani mai magani a Gamboru, ta zauna ta rufe rabin fuskarta da lafaya tana hira a haka. Mama ta gane na faɗa. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Kafin mako ya zagayo, unguwa duka ta sani, kuma kamar yadda ta faɗa, babu wanda ya riƙe maganar jijiya. Masu saye suka ragu, sauran kuma Mama ta daina fitowa wurinsu, sai ta haɗa ta ba matar Yaya ta kai musu.

Duk wannan lokacin akwai abu ɗaya da ta riƙe. Ta sa a ranta cewa jaririn da zan haifa abin ba zai taɓa shi ba. Na tuna mata jaririn kalandar asibiti, wanda shi ma ta ga fuskarsa a zube, ta ce wancan takarda ce, wannan kuwa sabuwar fuska ce da idonta bai taɓa gani ba, kuma jininta ne. Ta ɗinka zannuwan goyo, ta haɗa turaren jego na musamman ta rufe a kwalba, ta sa Yaya ya gyara gadon ɗakin da zan yi wanka. Ban ƙara yi mata gardama ba. Ni ma na fara sa rai.

Na haihu ranar Talata da hantsi, mace. Da la'asar aka sallame mu, aka wuce da ni gidan Mama. Tana tsaye a ƙofar ɗaki, ta yi wanka ta sa lafayarta mai ruwan goro. Matar Yaya ta miƙa mata jaririyar a cikin zane. Mama ta yi bisimilla, ta buɗe zanen a hankali, ta duba. Ina kallon fuskarta, ni da nake iya kallo. Ba ta yi kuka ba. Ta mayar da zanen, ta rungume yarinyar a ƙirjinta, ta ɗora haɓarta a kan ɗan kanta, tana kallon katanga. Ta yi mata addu'a mai tsawo. Babu wanda ya tambaye ta.

Ita ta riƙa yi wa jaririyar wanka safe da yamma, ba ta yarda kowa ya karɓa ba. Hannunta ya san aikin. Tana gasa cibiya, tana miƙe ƙafafu, tana wanke bayan kunne da lungun wuya, idonta yana kan robar wanka. In ta zo fuska sai ta rufe ido ta wanke da yatsu. Ni ina kwance a gado ina kallo, jikina yana ciwo, nono yana ciwo, ga rashin barci. Ana gobe suna, na ga ta rufe ido tana shafa fuskar yarinyar, sai wani abu ya taso mini. Na ce mata ai ta san ba gaskiya ba ne abin da take gani, likita ta faɗa mata, me zai hana ta daure ta kalli jikarta ko sau ɗaya kamar mutum. Na ce yarinyar ba dodo ba ce. Da ƙarfi na faɗa, har matar Yaya ta leƙo daga madafa.

Mama ta gama wankan, ta goge yarinyar, ta shafa mata mai, ta naɗe ta, ta kawo mini ita. Sannan ta zauna a ƙasa kusa da gadon, bayanta a jingine da shi.

"Na sani ba gaskiya ba ne," ta ce. "Kullum ina gaya wa kaina. Amma in na duba, Auta, gabana ne ke faɗuwa kafin sanin ya iso. Ina tsoron ranar da zai faɗi tana hannuna a kan ruwa."

Na ba ta haƙuri, ta ce babu komai, ta tashi ta tafi duba masu girkin suna. Har yau in na tuna kalmar dodo da ta fita daga bakina, sai in ji kunya ta rufe ni.

A cikin kwana arba'in ɗin muka gano wata 'yar dabara. In an kwantar da yarinyar a kan ɓarinta na hagu, kuncin ya nutse a cikin zane, abin da ya rage a sama daidai yake a idon Mama. Haka take zama a gefenta bayan azahar, tana kallon ido ɗaya, rabin hanci, rabin baki, har yarinyar ta motsa ta juyo, sai ta kau da kai. Wata rana a irin wannan zaman ta tambaye ni wa yarinyar ta ɗauko. Na ce kowa yana cewa goshinta da bakinta na Mama ne. Ta ce to Allah ya sa ta fi ta sa'a. Ta ce in faɗa mata ɗaya ɓarin yadda yake, ko akwai wani abu da babu a wannan. Na ce akwai ɗan tawadar Allah a ƙasan idon hagu. Ta sa yatsa ta laluba wurin, amma abin ba mai tudu ba ne, ba ta ji komai ba.

Na yi ƙoƙari iri-iri bayan na koma ɗakina. Na bincika a waya har idona ya gaji, na sami sunan ciwon da Turanci, dogon suna da ba na iya faɗa a numfashi ɗaya, ban sami magani ba. Na saya mata baƙin tabarau, ta ce duhu kawai ya ƙara. Na gwada tsayawa nesa, na gwada matsowa kusa. Daga nesa yana raguwa kaɗan, amma daga nesa ba a hira da uwa. Na gwada rufe rabin fuskata da mayafi kamar yadda aminiyarta take yi, ta ce in daina, ba ta son ganin 'yarta tana ɓuya a gidan ubanta. A ƙarshe muka koma zama gefe da gefe, kafaɗa da kafaɗa, muna fuskantar katanga ɗaya, kamar mutum biyu a cikin keke. A haka muke hira yanzu. Masallacin Idi ta daina zuwa, biki da suna ma sai na dole, ta je da sassafe ta yi barka ta dawo kafin mata su taru, don ta ce fuska ɗaya tana iya daurewa, talatin ba za ta iya ba.

Yarinyar ta shekara biyu da rabi yanzu. Tana son kakarta fiye da kowa, don a wurinta take samun dabino da sinasir. Watan jiya muna zaune a tabarma, ta zana wani abu da gawayi a ƙasa, ta zo tana ta kiran Kaka, Kaka. Mama ta kalli zanen ta yaba. Yarinyar ba zanen take so a kalla ba. Ta hau cinyar Mama, ta kama haɓarta da hannu biyu ta juyo da ita, ta kafa mata ido tana dariya. Na yunƙura zan ɗauke ta, Mama ta ɗaga mini hannu. Ta kalle ta. Na ga jijiyar wuyanta ta tashi, na ga hannunta ya damƙe gefen tabarma, amma ta riƙe kallon, har ta yi mata murmushi. Da yarinyar ta gamsu ta sauka ta koma wurin gawayinta, Mama ta tashi ta shiga ɗaki ta kwanta, ba ta fito ba sai da aka kira la'asar.

Muna komawa asibiti duk bayan wata uku. Jininta ya sauka, likitar tana jin daɗin hakan, tana cewa mu riƙe maganin da kyau. Kowane zuwa takan tambaya ko fuskokin sun canza, Mama takan ce wataƙila ba su zubo kamar da ba, wataƙila kuma sabo ne. Likitar takan rubuta. A zuwanmu na ƙarshe na tsaya bayan Mama ta fita, na tambaye ta ko akwai wani wuri, ko Kano ko Abuja ko waje, da za a iya yin wani abu. Ta ce in da akwai da ta faɗa mini tun farko. Na yi mata godiya, na fito na sami Mama a benci tana jirana, ta cire takalmi ɗaya tana kaɗe yashi daga cikinsa. Ta ce mu biya kasuwa, gishirinta ya ƙare.